Buɗin Mai Gilashi

A kulob ɗin ces, wato darar Turawa, da ke saman shagon fenti, kowa ya san yadda Mai Gilashi yake buɗe wasa. In fararen 'ya'ya ne a hannunsa, dokin gefen sarki yake fara fitarwa, ya juya masa fuska ta kalli abokin karawa, sannan ya danna agogo da gefen hannu. In baƙaƙe ne, sai ya jera sojojinsa kusa da juna ya lafe a bayansu, ya bar mutum ya yi ta kai hari har ya gaji don kansa.

Ba haka ya fara ba. Yana saurayi, lokacin da yake koyon yankan gilashi a wurin kawunsa, duk buɗin da ya ga an ci wasa da shi sai ya ɗauka. Yau ya ba da soja kyauta, gobe ya fito da sarauniya tun da wuri, kullum yana kwasar kashinsa a hannu. Wani tsohon tela da ke zuwa kulob ɗin ya gaji da kallonsa, ya ce, "Kai, a shago ka taɓa yanka gilashi ba ka auna ba? To me ya sa a nan kake wasa kamar wanda aka koro? Zaɓi buɗi ɗaya na fari, ɗaya na baƙi, waɗanda suka yi daidai da halinka, ka riƙe su har ku saba."

Halinsa kuwa na mai haƙuri ne, don haka ya zaɓi masu tafiya a sannu. Da ya buɗe shagon kansa, ya ajiye ƙaramin allon ces a kan kanta, kusa da teburin yanka mai shimfiɗe da tsohon bargo. In babu ciniki sai ya yi ta bitar rassan buɗin: in aka amsa da wannan, ga abin yi, in aka kauce, ga tarko. Matarsa takan ce, "Baban yara, da ka san shekarun 'ya'yanka yadda ka san dokin nan, da mun huta." Bai taɓa zama gwanin gari ba. Sau ɗaya ya zo na uku a gasa, aka ba shi butar shayi, ita ma hannunta ya karye tun kafin a iso gida. Amma ba wanda yake son haɗuwa da shi a zagayen farko.

Gashinsa ya riga ya yi fari lokacin da abin ya fara. A wata gasa ce da aka yi a zauren makaranta, an haɗa shi da Mai Kemis, abokinsa tun na ƙuruciya. Ya fitar da doki, aka amsa, ya tura soja, aka amsa. Ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama. Ba ruɗewa ya yi ba. Wurin da motsin yake zaune a kansa ne ya tarar wayam, kamar ka shiga ɗakinka ka ga an kwashe gado. Agogo yana ta ci. Ya tura abin da ya ga dama, aka cinye shi.

"Lafiya, mutumina?" in ji Mai Kemis.

"Gajiya ce."

A hanyar gida mahaifinsa ya faɗo masa a rai, tsohon da a ƙarshen rayuwarsa yakan gama cin abinci ya ce an hana shi, yakan kuma tambayi jikokinsa 'ya'yan waye su. Bai faɗa wa kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki ya shiga shago da safe, ya tarar da babban madubi a kan teburi, an yanka shi tsaf, an goge bakinsa. Yankan hannunsa ne, ba shakka. Sai dai bai san na waye ba, bai kuma tuna ya taɓa shi ba. Akwai filasta a babban yatsansa. Ya daɗe yana kallon filastar.

Sai ya yanke shawarar gwada kansa. In har zai iya koyon sabon buɗi, to kan nan da sauransa. Ranar kulob ya hau matattakala da saurinsa, ya ja kujera gaban Mai Kemis.

"Yau kai ne malami. Ka koya mini buɗin nan naka na sojan sarauniya. Na daɗe ina so, girman kai ne ya hana ni."

Ya jira dariya, bai ji ba. Mai Kemis ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Matasan da ke teburin gefe suka sunkuyar da kai kan allonsu.

"Me na faɗa?"

"Ba komai. Zauna mu fara."

"A'a. Ka dube ni ka faɗa mini."

Mai Kemis ya cire tabarau, ya shafa idonsa. "Makon jiya na koya maka shi. Da makon da ya gabace shi. Da waɗannan kalmomin ka zo, har da zancen girman kai."

Mai Gilashi ya dubi allon. Sojan sarauniya yana nan a gidansa, amma kamar baƙo yake a idonsa.

Mai Kemis ne ya raka shi asibiti, shi da matarsa. Likita ta yi masa tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya yi dariya ya kauce. Ta ba da magani, ta ce zai rage saurin ciwon mantuwar, amma ba zai tsayar da shi ba. Kafin wata ya ƙare, matarsa ta ɗauke abin yankan gilashin ta ɓoye, ɗan ƙanensa ya karɓi shagon.

Kulob kam bai daina zuwa ba, sai dai yanzu matarsa ce take kawo shi, ta zauna a benci bakin shagon fenti har ya sauko. Wata rana yakan yi wasa mai kyau. Wata rana yakan zauna hannunsa a sama, abokin karawarsa ya tsayar da agogo a ɓoye.

Ranar da ta fi tsorata matarsa, suna komowa da la'asar ya ce, "Sakar mini hannu, Maman yara, ni ba jariri ba ne." Ta sake shi, ta biyo shi a baya. Ya yi tafiyarsa daidai, yana gaisawa da mutane, har ya kai mararrabar da ke kusa da gidansu. A nan ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sannan ya waiwayo, ya kalle ta cikin ladabi, ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ke 'yar unguwar nan ce?"