Abin da Na Ɗauko a Farin Jirgi

Maamobi

Ladan bai gama kiran sallar farko ba na ji hon a bakin gota, babbar kwatar unguwarmu. Motar Hajiya Zainabu ce, surukata, uwar mijin 'yata Rabi. Ku da kuka san ni kun san ni da tafiya ba ma shiri. In kun gan ni na wuce kasuwar Nima, to rasuwa aka yi ko awure, wato bikin aure. Amma Rabi da mijinta, da suke aiki a Jamus, sun kafe lallai sai sun biya mana hutu a teku, ni da Hajiya, ɗaki ɗaya, a irin jiragen ruwan nan da ake kwana a ciki kamar otal. Kamfani biyu suka kawo suka ce mu zaɓa. Ɗaya jirginsa fari ne ƙato, ɗaya shuɗi ne, bai kai shi girma ba. Shuɗin a waya kawai muka gan shi. Farin kuwa aka ce zai yini a Takoradi, kuma matar da ke sayar da tikiti ta samo mana izinin shiga mu duba, har da abincin rana.

Ana gobe tafiya Rabi ta kira ni. "Mma, don Allah abin da Hajiya ta yi, shi za ki yi. Kin san ta saba da irin wuraren nan."

Na ce, "Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta yi dariya, amma na ji abin da ke ƙasan dariyar. Auren bai daɗe ba, har yanzu a hankali take takawa a gaban dangin miji. Hajiya kuwa babbar 'yar kasuwar atamfa ce a Adabraka, Dubai wurinta kamar zuwa kasuwar Tudu ne. Ni koko nake damawa a ƙofar gida.

Malam zuwa Mankesim

Mun yi asuba a wani masallaci a unguwar Malam, don direba Fuseini ya ce in muka bari gari ya waye hanyar garin Kasowa za ta haɗiye mu. Duk da haka ta ɗan tauna mu. Motocin haya, trotro a gaba, trotro a baya, masu tallan burodi suna buga mana gilashi. Bayan mahaɗar Winiba 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ga mayafai biyu, sai ya ce da Hausarsa ta bariki, "Hajiya biyu! Sai ku yi mana addu'a."

Hajiya ta ce, "Allah ya shirye ku."

Ya ce amin da ƙarfi, ya ɗaga mana hannu. Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

A Mankesim muka karya da shayi da ƙwai. Daga nan hanya ta fara bin bakin teku, ga itatuwan kwakwa, ga kwalekwalen masunta. Na tambayi Fuseini ko jirgin namu ya kai goma irin waɗannan. Ya ce, "Mma, ki bari ki gani da idonki."

Takoradi

Da hantsi muka isa tashar jiragen ruwa. Aka duba katinmu a ƙofa ta farko, aka sake dubawa a ta biyu. Mai tikitin, wata Bafantiya, 'yar ƙabilar Fanti, da ake kira Sista Efuwa, ta rataya mana kati a wuya ta ce kada mu cire. Mun kai mu ashirin masu kallo, duk manyan mutane, sai ƙamshin turare ke tashi.

'Yan'uwa, da na ɗaga kai sai da ɗankwalina ya zame. Wannan ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora a kan ruwa. Aka hau da mu sama, aka nuna mana wurin wanka a rufin, Turawa kwance a rana kamar an shanya su. Na kau da kai. Aka nuna mana ɗakin kwana, gado biyu, ga baranda tana kallon teku. Na ja Sista Efuwa gefe na tambaye ta maganar alwala da maganar nama. Ta kira wani ma'aikaci, ya ce suna da naman da Musulmi ya yanka, tukunyarsa daban, in dai an faɗa musu tun kafin tafiya. Ya ce kullum akan nuna wa mai so inda alƙibla take, don jirgi yana juyawa.

Hajiya ta zauna a bakin gadon ta danna katifa. Ta ce, "Maman Rabi, ina ga wannan ne."

Na ce, "Wallahi Hajiya, ni ma zuciyata ta kwanta da shi." Har na ga kaina a barandar nan da carbina.

Sai aka kai mu wurin abinci. Teburi ne ba iyaka, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da yake so. Ba mai rabo, ba mai harara. Kifi iri-iri, kaji, shinkafa mai launi, inabi, wasu 'yan ƙananan kek kamar a sa a kwaba. Na ci na ƙoshi, abincin kuwa kamar ba a taɓa ba.

To ku faɗa mini, wace mace ce a Zango za ta je awure ta dawo hannu biyu? Tun muna yara haka muka ga iyayenmu suna yi. Ka ci naka, ka ƙulla na mutanen gida, wadda ba ta yi ba ita ce marowaciya. Na tuna gidanmu na haya, ɗaki takwas, kowa ya san inda na tafi. Leda kuwa ba ta rabuwa da jakata. Da Hajiya ta tashi wanke hannu, na koma layi sau biyu. Ban taɓa na alade ba, na tambaya. Kaza da kifi a leda ɗaya, kek da inabi a ɗaya, na shimfiɗa sallayata a kai na ja zif. Ko a raina ban ji na yi laifi ba. Ai baƙi ne mu, an ce mu ci.

Wurin fita kowa ya ɗora jakarsa a wata na'ura mai haska ciki. Ta Hajiya ta wuce. Tawa ta shiga, sai aka tsayar da bel ɗin da ke jan jakunkuna. Wani jami'i ya ɗaga ta sama ya tambaya da Turanci, sannan da yaren Tiwi, "Ta wace ce?"

Na yi kamar ban ji ba.

Ya buɗe ta a kan tebur a gaban kowa. Ya ɗage sallaya. Ashe ledar kifin ta fashe, miya ta jiƙa kek, ta bi carbina, tana ɗiga a ƙasa. Ya dinga fitar da cinyoyin kaza ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Ya ce doka ce, abincin jirgi ba ya sauka ƙasa. Wata mata mai dogon gashin kanti a bayana ta ce da ƙawarta da Tiwi, "Mutanen Zango ke nan." Ta ɗauka ba na ji. Na ji sarai, har dariyar da ta danne na ji. Sista Efuwa ta rufe fuska da takardunta. Wani ya fara ɗaga waya.

Sai na ga mayafin Hajiya ya shiga tsakanina da wayar. Ta tsaya a gabana, ta buɗe kafaɗu, ta ce da jami'in, "Tamu ce. Ka ɗauki abin da doka ta hana, ka ba mu sallayarmu." Ta juya ta kalli mai wayar, kallo ɗaya, ya sauke.

A idona aka zuba abincin a kwandon shara. Na ce ko a ba masu gadi, aka ce ba a yi. Na sauko matakalar nan katin wuyana yana bugun ƙirjina.

Hanyar dawowa

Muka kama hanya daga Takoradi zuwa garin Kep Kos. Motar duk ƙarnin kifi. Fuseini ya sauke gilashi bai ce komai ba. Ni dai lissafi nake: yanzu Hajiya za ta faɗa wa ɗanta, ɗanta ya faɗa wa Rabi, Rabi ta rasa inda za ta sa fuskarta a gidan miji. Kuma in aka zaɓi farin, ma'aikatan nan za su gane ni, kullum sai na wuce ta gabansu. Na so in ba da haƙuri, amma ta ina ake farawa da suruka?

Muka tsaya muka yi la'asar. Hajiya ta miƙo mini sallayarta, don tawa ta ɓaci da miya. Ta sayi dokunun Fanti, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a bakin hanya, ƙulli biyu manya, ta sa Fuseini ya ajiye ɗaya a gefena. "Na mutanen gida," ta ce, tana kallon waje.

Muna cikin cunkoson Kasowa wayata ta yi ƙara. Rabi ce, fuskarta da ta mijinta a haɗe.

"Mma! Yaya jirgin? Wanne kuka zaɓa?"

Kafin in amsa, Hajiya ta karɓi wayar daga hannuna.

"Shuɗin za ku biya. Wannan farin rawa yake yi da yawa, kaina har yanzu juyawa yake."

Ɗanta ya ce, "Hajiya, jirgin da yake ɗaure a tasha?"

"Kai ka hau ko ni na hau?"

Rabi ta ce, "Mma, da gaske yana rawa?"

Jirgin nan ko ɗakina bai kai shi tsayuwa wuri ɗaya ba. Kuma da kunnena na ji Hajiya ta ce shi take so. Na ce, "Yadda Hajiya ta faɗa, haka ne."

Maamobi

Ana fitowa daga sallar isha suka sauke ni a bakin gota. Na riƙe hannun Hajiya da hannu biyu, na ce, "Hajiya..." Sai ta katse ni. "Maman Rabi, sai ki fara neman rigar sanyi. An ce can teku da iska."

Na tsaya da ƙullin dokunu a hannu har motar ta sha kwana. Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa yaran nan da alheri, ya ba Fuseini ladan shirunsa. Hajiya Zainabu kuwa, yadda ta rufa mini asiri a gaban mutane, Allah ya rufa mata nata duniya da lahira.