Shuɗin Yatsan Kawu

Jiya a bakin ruwan Yelwa na ga an manna sitika kan jirgin ƙarshe da marigayi Kawu ya yi wa zane. Mai jirgin ya ji bakina.

Kawu ya tsufa yana zana kifi a jikin jirage, rigarsa kullum warin fenti da kananzir. Da masu buga sitika da kwamfuta suka ƙwace aikin, ya ce mini, "Ɗiyata, ruwa na cin fenti. Ɗaukar mini hotonsu a wayarki." Ya dangwala yatsa don ya ga giwan ruwansa, ya bar shuɗin fenti a gefen gilashin wayar.

Yanzu a wayata kaɗai kifin ya rage, shuɗin ma ban goge ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya hutar da hannun nan.