Ranar da Ban Raka Baƙina Ba

Shekara goma sha huɗu na yi ina horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a hanyar Bwari, kuma abin da ya raba ni da su bai fi taku ashirin ba.

Ciwon ya same ni ne da hantsi, ina tsaye a bakin fili ina yi wa 'yan baya faɗa. Na ji harshena ya yi nauyi, hannun hagu ya saki kamar ba nawa ba. Na ce wa mataimakina ya ƙarasa atisayen, ni zan leƙa ofis. Ban leƙa ofis ba. Na ja ƙafa zuwa titi na tari tasi, sai asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mini ɓarin jiki, in gode wa Allah da abin ya tsaya a nan. Ya ce wata uku ba gudu, ba ihu, ba ɓacin rai. Na ce masa ai ya lissafa aikina kaf.

A takardar neman hutu na rubuta cewa saboda lafiya ne da wasu dalilai na kaina. Babu wani dalili sai girman kai. Ban so a ji cewa kocin da ke tsere da samari yanzu jan ƙafa yake yi. Na san garin da nake zaune. A Abuja in aka ji mutum ya raunana, kafin a zo yi masa sannu an riga an gwada zama a kujerarsa. Har likitan na roƙa ya rubuta hutu kawai, ban da sunan ciwon.

Lokacin kuwa bai taimake ni ba. An ci mu wasa uku a jere, ga gasar kwalejoji saura mako biyu. Matata tana da shagon atamfa a kasuwar Wuse, a can ta ji abin da ake faɗa, daga bakin matar wani ma'aikacinmu. Wai na ga jirgin zai nutse na yi tsalle, wai wata makarantar masu kuɗi a cikin gari ta ɗauke ni. Na ji zafin maganar, amma na ce gara a kira ni matsoraci da a kira ni gurgu. Ka ji wautar da na ɗauka dabara ce.

Sai aka yi waya cewa ranar Asabar za a zo duba ni. Mutum uku ne: shugaban sashen wasanni, mataimakina, da kyaftin ɗin ƙungiyar, ɗalibin ajin ƙarshe, wanda ni na mayar da shi ɗan tsakiya bayan kowa ya ce ba shi da gudu.

Tun safe na tayar da gidan. Na sa aka yi mini aski, aka fito da babbar rigata ta Sallah. Matata ta tsaya tana kallona, rigar a hannunta.

"Malam, mara lafiya fa za su zo gani, ba ango ba."

"Ba za su same ni a kwance ba," na ce.

Sai da muka yi kusan rabin awa kafin ta kai ni kujerar falo. Na ɗora hannun hagu a kan cinya, muka lulluɓe shi da hannun rigar. Sandar da nake dogarawa muka tura ƙarƙashin gado. Na zauna ina maimaita gaisuwa ni kaɗai, ina zaɓen gajerun kalmomin da harshena ba zai tona mini asiri a kansu ba.

Suka iso gidana da ke unguwar Dutsen Alhaji bayan azahar. Shugaban sashen mutumin Filato ne, mai yawan dariya, ba mugu ba. Yana shigowa ya tafa hannu.

"Kai, koci! Mu muna can rana yana gasa mu, kai kana nan kana ƙiba!"

Na yi murmushi da ɓangaren bakin da ke bin umarnina. Suka ci shinkafa, suka sha zoɓo. Mataimakina ya yi ta cewa "Oga, Allah ya ƙara lafiya", idonsa kuwa na yawo a jikina. Kyaftin ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, bai taɓa abincin ba. Sai can ya ɗago kai.

"Koci, ko ranar wasan farko ka zo. Ba sai ka yi komai ba, ka zauna a benci kawai mu gan ka."

Akwai magana cike da bakina, amma na san in na ja ta harshen zai karye. Na ce, "Sai na gani."

Da suka miƙe za su tafi, a nan dabarata ta ƙare. A wurinmu ko tsani mutum ya zo aro, ka taka masa zuwa ƙofa. Waɗannan kuwa sun baro harkokinsu, sun sha cunkoson hanya saboda ni. Suka tsaya irin tsayuwar nan ta baƙo mai jiran mai gida ya tashi. In na tashi, ƙafar za ta faɗi abin da na ɓoye. In na zauna, na wulaƙanta su. Na zauna. Na ce, "Ku gaida gida." Matata ta yi sauri ta yafa mayafi ta raka su, tana ta godiya mai yawa don ta rufe ramin. Kyaftin ne kaɗai ya waiwayo, kuma ba kallon tausayi ya yi mini ba.

A zagayen farko aka fitar da su daga gasar. Kafin hutuna ya ƙare takarda ta zo: an tabbatar da mataimakina a matsayin koci, ni kuma in na dawo zan riƙa kula da ɗakin ajiyar kayan wasanni. Ban ga laifin shugaban sashen ba, abin da na nuna masa shi ya kai rahoto. Mataimakin nawa ne har yau ban yafe wa ba. Shekara shida ina koya masa gane ɗan wasa mai ɓoye ɗingishi tun daga nesa. Ba zai yiwu ya yi awa guda a gabana bai ga hannun da bai motsa ba. Ya gani, ya yi shiru, domin shirun ya biya shi.

Ranar da na koma, da sandata na je, a fili kowa na gani. Muƙamin ya riga ya tafi, na haƙura da shi. Abin da na je nema shi ne yaran su san ban gudu na bar su ba. Suna atisayen yamma na tsaya a bakin layi. Wasu suka rugo suna salati, wasu suka sunkuyar da kai. Kyaftin ya tako a hankali, ya dubi sandar, ya dubi hannun.

Na ce, "Ka ga dalilin da ban raka ku ba."

"Na gani, koci. Allah ya ba da lafiya." Ya share gumi da gefen rigarsa. "Amma ka tuna ina aji ɗaya na ɓoye ciwon gwiwa na shiga wasa? Ka dakatar da ni wata guda. Ka tara mu ka ce wanda ya ɓoye wa 'yan uwansa ciwo bai ɗauke su 'yan uwa ba. Ni na yarda da maganar. Har sababbin 'yan wasa nake faɗa wa."

Na gyara riƙon sandata. Sabon kocin ya kira shi daga tsakiyar fili. Ya ɗan rusuna mini kamar yadda ake yi wa kowane dattijo, ya juya da gudu ya koma cikin 'yan uwansa.