Bokiti Biyu a Gaban Akawal

Ranar wata Laraba cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, na dawo daga makaranta na tarar Baba ya kife bokitin Akawal ya ɗora masa dutse. Akawal baƙin doki ne, shi kaɗai Baba ya ƙi sayarwa cikin dawakin da yake saukowa da su Onitsha daga Arewa. 'Yan gari kan yi hayarsa ranar biki, da shi muke ci, ni kuwa tun ina rarrafe nake bi ta ƙarƙashin cikinsa. Kwana uku ke nan yana zawo. Cinyoyinsa sun ɓaci, fatar kafaɗarsa sai karkarwa take yi, kansa ya yi masa nauyi har leɓensa yana taɓa taɓo.

Hukuncin Baba gajere ne: "Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba." Ya hana shi ruwa, ya hana shi harawa, sai kanwa da yake ɗura masa safe da yamma, domin a wurin mutanenmu babu ciwon doki da ya fi ƙarfin kanwa. Ya kuma gaya wa wani mai sayen dawakin yanka cewa in Juma'a ta yi Akawal bai warware ba, ya zo da mota.

Ni dai ban yarda ba, kuma ba ilimi ne ya hana ni yarda ba, idona ne. Watanni kaɗan kafin nan ƙanena ya yi irin wannan zawon har idonsa ya faɗa, a asibiti kuma ba a ce a hana shi ruwa ba. Ƙullin garin gishiri da sukari aka ba Inna, tana damawa tana ba shi cokali-cokali. Saura huɗu a cikin kwallarta. Ɗebo ruwa aikina ne a gidan, saboda haka ba wanda ya kula da na wuce da bokiti a ka. Baba na fita sallar La'asar na juye ƙullin duka, na dama da hannu. Akawal ya shanye tas, ya bi gindin bokitin da lasa.

Jiƙaƙƙen gemunsa ne ya tona ni. Na sha bulalar doki a ƙafa, har yau da tabon, amma ban yi kuka ba. Na ce da Baba gobe ma zan ba shi. Inna ta kama baki, don a gidanmu ko yayyena maza ba sa mayar masa da magana. Washegari na ba shi, wannan karon ruwa zalla, a gaban kowa. Ina jin taurin kan nan nawa ne ya gajiyar da Baba har ya hau okada, wato acaɓa, ya ɗauko likitar dabbobi, wai ta zo ta gaya mini da bakinta cewa kashe dokin nake yi.

Likitar 'yar gari ce, ba ta jin Hausa, Baba kuma Turancinsa na ciniki ne kawai. Dole aka sa ni tafinta, ni da aka kira ta domin ta kunyata. Ta ja fatar wuyan Akawal ta ga ta tsaya, ta saurari ƙirjinsa, ta ce, "Who give am water?" wato wa ya ba shi ruwa. Na ɗaga hannu. Sai ta yi bayani ina juyawa, ban rage ko kalma ɗaya ba, har muryata nake ɗagawa. Ta ce zawo ba ruwa kaɗai yake kwashewa ba, yana tafiya da gishirin jiki, musamman wani da ake kira fotashiyam, wanda tsoka da zuciya ke aiki da shi. Doki daga ciyawa yake samunsa kullum, to ga zawo na zubarwa, ga an hana shi harawa, shi ya sa yake karkarwa. Kanwa ba ta mayar da shi, ƙara sakin ciki ma take yi. Ni ma ban tsira ba, ta yi dariya ta ce ƙulli huɗu na jariri ne, ba na doki ba.

Ta zura masa roba ta hanci zuwa ciki, ta ɗura ruwan da ta auna wa garin magani. Ta bar mana sauran garin, ta ce a ajiye bokiti biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya mai magani, ya zaɓa da kansa, a kuma zuba masa harawa. Ranar Juma'a mai mota ya zo ya tarar Akawal na tauna, ya koma da motarsa wayam.

Baba bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba. Amma har ya rasu, duk dokin da aka sauke a tashar motar Upper Iweka ta Onitsha da ɓataccen ciki, bokiti biyu yake samu. Na sha jin sa yana koya wa sababbin fatake, yana cewa, "Haka muka gada."

Yanzu filin da muke ɗaure dawaki ya zama wurin ajiye keke mai ƙafa uku, 'ya'yana ba su san warin harawa ba. Nakan yi kewar Baba da dokinsa. Amma in na dubi tabon ƙafata, na san daga wurin wa Baba ya gada.