Kajin Faransa da Iƙamar Babana

Ni dai har yau ban san ko mutumin nan taimakonmu ya yi ko akasin haka ba. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, sunansa ma sai na murɗe harshe yake fita. Amma akwai shekarun da a gidanmu na unguwar Karantina a Jidda ba a sa hannu a tiren abinci sai an ji halin da ministan noma na Faransa yake ciki.

Babana ɗan Nijar ne, ya zo aikin hajji da ƙuruciyarsa ya zauna. Ni da ƙannena maza biyu a Jidda aka haife mu. Yana aiki a wani katafaren ɗakin sanyi kusa da tashar jiragen ruwa, inda ake sauke daskararrun kaji daga Faransa. Mai wurin shi ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, kuma duk gidanmu a jikin iƙamar Baba, takardar izinin zamansa a ƙasar, muke rataye.

Wata rana Baba ya dawo fuska a murtuke. Ya ce Turawa za su janye tallafin da ke sa kajinsu su iso nan da araha, kafili kuma ya tara ma'aikata ya ce in kaji suka tsaya, halas, kowa ya nemi hanyar garinsu. Autanmu ya tambaya da Larabci, ina ne garinmu. Babu wanda ya yi dariya.

Daga ranar Baba ya manne wa tashar Faransanci a rediyo, mu kuma muka manne masa, tunda shi kaɗai ke jin yaren. Ya ce akwai minista ɗaya da maganar kaji ke hannunsa, kuma mutumin kirki ne.

"Ɗan gurguzu ne," in ji Baba. "Parti ɗinsu na talakawa ne."

Nan kaina ya fara ɗaurewa. Mu a makaranta, in malama ta ambaci gurguzu, neman tsari take biyo shi da shi. Yanzu ga Baba, mutumin da sahun farko ba ya wuce shi, yana yabon ɗaya daga cikinsu. Umma ma abin ya dame ta.

"Alhaji, mutumin nan fa Nasara ne, ga gurguzu a kai. Ya halatta in sa shi a addu'a?"

Baba ya shafa gemu, sannan ya ce, "To ki yi wa kajin."

Kuma wallahi ta yi. Da kunnena na ji ta bayan la'asar tana roƙon Allah kada ya yanke wa kajin Faransa hanya.

Bayan haka sai muka ga manoman ƙasar a talabijin, sun tare titi da taraktoci, suna juye taki a ƙofar ofisoshi. Na ce, Baba, ba shi ne ministansu ba? Ya ce, "Shi ya sa, ya binti." Ban gane ba, na kuma ji kunyar sake tambaya. Da aka ƙara masa muƙamin kakakin gwamnati, Umma ta yi murna har ta dafa shinkafa da kaza ta raba wa maƙwabta. Baba ya dawo ya ce aikin banza, yanzu ina zai samu lokacin kaji. Wannan makon gwarzo ne a gidanmu, mako mai zuwa Baba ya kashe rediyon da tsaki. Ni kuwa tsoro nake ji sosai. Nijar a wurina hoto ce a bangon falo, Hausata ma ta kicin ce, ban san da wane baki zan zauna a can ba.

Sai zaɓe ya zo, jam'iyyarsu ta sha ƙasa, ya bar muƙamin minista. Na yi kuka a bayi, na ce shi ke nan, sai haɗa kaya. Baba ya ce a'a, shi ya tsira da kujerarsa ta majalisa. Daga baya ya nemi shugabancin jam'iyya bai samu ba, can kuma muka ji ya zama magajin gari. Na ce, Baba, don Allah, ya faɗi ne ko bai faɗi ba? Ya ce, "Ya faɗi, amma yana nan."

Duk wannan bidirin, kaji ba su tsaya ba. Rubutun kwalayen ne kawai ya riƙa canzawa, yawancinsu suka koma na Barazil, aiki ma ƙaruwa ya yi. Hankalinmu ya kwanta, har na yi aure iƙamata ta koma hannun mijina.

Ana cikin haka kafili ya kira Baba ofis. Ya ce ya manyanta, sanyin ɗakin ya cinye masa gwiwoyi, ba zai sabunta masa iƙama ba. Babu Faransa a maganar, babu minista, babu tallafi.

A filin jirgi, ranar tafiyarsu Nijar, ƙannena sun yi tsuru-tsuru kusa da Umma, kowa riƙe da jaka. Na juya wurin Baba, sai bakina ya suɓuce.

"Baba, shi ministan nan, ya ma san da mu kuwa?"

Ya yi dariya har sai da idonsa ya kawo ruwa.

"Ya binti, ko kajin ba su san da mu ba. Yalla, koma wurin mijinki."

Ya kama hannun auta, suka shiga layi su huɗu, yana jan ƙafa. Ni kaɗai na fito.