Ranar da Aka Ɗaga Kyamarar Yaya

Bayan mulki ya dawo hannun farar hula, motocin 'yan siyasa suka cika garejin yayana a Gyaɗi-Gyaɗi, inda ni ma nake kanikanci. Da kyamarar tsaro ta shigo gari, Yaya ya rantse sai ya kafa ɗaya, don kada mota ko baƙo ya shigo bai gani ba.

Mai haɗawa ya ce a ɗora ta saman ƙofa. Yaya ya ce, "Hulunan mutane zan kalla? Sauke ta daidai gwiwa, lambar mota nake so."

To, kullum bayan azahar Yaya yakan shige ƙarƙashin wata tsohuwar fijo daf da ƙofar, ya ce kada a dame shi, salansa yake gyarawa. Shekara uku muna yaba haƙurinsa.

Washegarin kafa kyamarar muka taru a ofis kallon abin da ta ɗauka. Sai ga Yaya a ƙarƙashin fijo, kan tabarma, har da matashin kai, baki buɗe.

Yaya ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya ce mini, "Ɗauko tsani. Ashe mutumin nan ya san aikinsa."