Mai Riƙe Farin Kwali

Duk layin ba mai kiransa da sunansa, sai Dakata. Mai hoto ne, amma ba ya ɗaukar mutane. Mutum, in ji shi, ba ya tsayawa wuri ɗaya: ya ƙifta ido, ya yi murmushin dole, ƙarshe ya ce an munana shi. Tumatir kuwa ko wuni zai yi a gaban kyamara ba ya gunaguni. Shekara talatin da ɗoriya abinci yake ɗaukar wa masu kalanda da masu kanti, a kan wani tsohon tebur da ke jikin tagar ɗakin girkinsu.

A gida ya samo laƙabin. Matarsa ta sauke tukunya ta zuba, 'yarsu tilo ta wanke hannu, sai a ji ya ce, "Dakata." Ya juya faranti, ya goge gefensa, ya tsaya jiran gajimare ya wuce. Kaf unguwar ba gidan da ya kai su cin abinci mai sanyi. Matar ce ke riƙe masa farin kwali a ɗaya gefen teburin, don hasken taga ya dawo ya kashe inuwa.

"Ɗaga sama kaɗan," yakan ce mata. "Janye hannunki, yana shigowa."

In aka wanke fim ya ga ko yatsanta ya leƙo, ko inuwa ta ɓata abu, sai ya sa almakashi ya yanke wannan hoton ya jefar. Tsabtar aiki yake kiran wannan, har alfahari yake da ita, bawan Allah.

Ta sha tambayarsa, "Ni fa, yaushe za a ɗauke ni?"

"Sai ranar da haske ya yi kyau."

"To, Allah ya kai mu. Albasa dai ta fi ni sa'a."

Ranar ba ta zo ba. Ciwon ciki ya kwantar da ita wata biyar, ta rasu. Bayan shekara bakwai 'yar ta zo gaishe shi da hantsi, ta zauna a kujerar mahaifiyarta.

"Baba, na fara manta fuskar Mama," ta ce. "Muryarta nake ji, fuskar ce ba ta zuwa. Ka ba ni hotonta ko guda ɗaya ne."

Na katin shaidarta kaɗai aka taɓa yi, shi ma ruwa ya cinye shi tun tuni. Ya ce ta ba shi kwana uku.

Ya sauko da akwatunan fim, kowanne da shekararsa a jiki, ya zauna gaban taga da gilashin ƙara girma. A na farko tumatir ne da ƙasa a gindinsa, ƙwai da gashin kaza manne a ɓawo, kifi da idonsa. Yana yin gaba, abinci yana shigewa gwangwani da leda. Sai shekarun da ya koyi shafa wa nama mai don ya yi ƙyalli, da ɓoye jiƙaƙƙiyar auduga bayan faranti don tururi, abincin da in an gama ɗauka ko kare ba a ba wa. Akwatin ƙarshe ya fi ba shi kunya. Har matar tana kwance bai daina ba: cokali uku na shinkafa, ƙwayar magani biyu a gefe, haske tas.

A rana ta uku ya ɗora gilashin kan hoton wata butar shayi ta ƙarfe. A cikin ƙyallin butar akwai mutum a tsaye, ɗan mitsitsi. Farin kwali, hannuwa biyu, gefen zane. A takarda yakan shafe irin wannan da ɗan burushi, amma fim bai manta ba. Ya duba bayan cokali, ya duba murfin tukunya, ya duba kwalbar mai. Tana nan, shekara bayan shekara, a tsaye tana jira, fuskarta a bayan kwali, daidai inda ya ce ta ɗaga shi. Tsoro ya kama shi, na gaske, don ji ya yi kamar in ya waiga zai gan ta a gefen teburin.

Da 'yar ta dawo, ya miƙa mata gilashin da wani fim mai hoto shida, na burodi da buta. A na farko, a cikin ƙyallin butar, kwalin ya rufe komai. A na biyu hannu ya fara gajiya, ɗankwali ya fito. A na uku goshi. A na huɗu gira, da ɗan saman ido. 'Yar ta matsar da gilashin. Wurin na biyar babu komai, an yanke shi tsaf, an haɗe fim ɗin da salatif. A na shida kwalin ya koma sama.

"Baba, ina na biyar ɗin?"

Ya tuna ranar sarai, har da ƙarar almakashin.

"Kwalin ya sauka," ya ce. "Inuwa ta faɗa kan burodin."